WAI BIRKI NE YA TSINKE!

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ƙasar nan, wadda ake rufe bakin kowa da ita duk ranar da mota ta hallaka bayin Allah. Da an tambayi abin da ya faru sai a ce, "Ai birki ne ya tsinke." Shi ke nan, magana ta ƙare. Mai tambaya ya yi salati, mai ba da amsa ya girgiza kai, a kwashe gawa da masu rauni, a ja mushen motar gefen hanya, kowa ya kama gabansa. Direba ya fita, mai mota ya fita, bakanike ya fita, an rataya laifi a wuyan ƙarfen da ba shi da bakin kare kansa. To, ni dai na ce ƙazafi ake yi wa birki. Ko igiyar guga sai ta daɗe tana zarewa, mai jan ruwa yana gani, kafin ta tsinke a bakin rijiya, balle birkin mota. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana kuka, yana karkarwa, yana laushi a ƙarƙashin ƙafa, yana nuna duk alamar da kurma zai iya nunawa, mai shi ya toshe kunne. Ranar da ya gaza kuwa sai a ce ya ci amana.

Kada mai karatu ya zaci direbobin tasha na zo yi wa faɗa. Suna da nasu kason, za mu zo kansu. Da mu nake, mu 'yan boko, ɗalibai da yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati. Saurayi ya yi shekara biyu ko uku yana tanadi, ko ya ci bashi, ya sayi 'yar Kwatano. Makon farko an sa baƙin gilashi, an canja rediyo, an sayo turaren mota da sabuwar rigar kujera. Ka tambaye shi kaurin abin da ya rage a birkinsa, sai ya dube ka sheƙeƙe kamar ka zage shi, ya ce wannan ai aikin kanikawa ne. Mutumin da ya ci jarrabawar kimiyya da lissafi, wanda zai kwana yana gardama a kan tattalin arzikin duniya, shi ne yake ganin durƙusawa gefen taya zubar da girma ne. Alhali kuwa abin da ake bukata ya sani bai kai wuyar darasi ɗaya na aji uku a sakandare ba.

Ga yadda abin yake. In ka taka birki, ƙafarka tana tura wani ɗan famfo da kanikawa ke kira masta, shi kuma ya tura man birki cikin siraran bututu zuwa kowace ƙafa ta mota. A bayan taya akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita, wanda wani abu mai kama da awartakin maƙeri ya rungume. A cikin bakin awartakin nan akwai 'yan fallaye biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su ne ake kira fad. Man ya danno su, su matse faifan, taya ta rage gudu. Motoci da yawa a ƙafafun baya ganga gare su maimakon faifai, abin da ke matsa ta daga ciki kuwa shi ake kira lainin, amma hikimar ɗaya ce. Gudun da motar ta ɗauko ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. Ɗalibin kimiyya ya ɗauki alƙalami ya gwada: mota mai nauyin kilo 1,200 da ke gudun kilomita 100 a awa, in aka tsayar da ita cik, zafin da zai fita ya isa ya tafasa ruwa kusan lita ɗaya da rabi, kuma cikin abin da bai fi daƙiƙa 4 ko 5 ba. Wannan wutar duka 'yan fallayen nan ne, waɗanda ba su fi tafin hannu ba, suke haɗiye ta tare da faifansu, sau ɗari ko fiye a yini. An yi su ne don su cinye, kamar yadda aka yi sabulu don ya ƙare. Wanda ya yi mamakin ƙarewar fad kamar wanda ya yi mamakin faɗuwar rana ne.

Sabon fad, naman da ke jikinsa, wato ban da ƙarfen da yake manne a kai, yakan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko zuwa milimita 3 lokacin canji ya yi, babu wani ja-in-ja. A Ingila, in ya gaza milimita ɗaya da rabi motar ba za ta ci gwajin shekara ba, ba ta da izinin hawa titi. A nan kuwa sai ka ga an kwance taya, bakanike ya zaro ƙarfe tsirara yana ƙyalli, mai mota yana tsaye yana tambaya ko ba za a iya lallaɓawa zuwa ƙarshen wata ba. Dubawar ba ta bukatar digiri. A motoci da yawa, in ka karya sitiyari gefe guda ka haska fitila ta tsakanin ramukan wili, za ka hango fad ɗin waje. In ba ya ganuwa, mai faci zai kwance maka taya cikin minti biyar. Sai dai a duba na ciki da na waje duka, domin in awartakin ya cije, ɗaya yakan cinye ƙurmus ɗan'uwansa yana nan da ƙibarsa, wanda ya duba ɗaya kaɗai ya tafi da murna a banza. A kuma fi sa ido a ƙafafun gaba. Duk sanda aka taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya, shi ya sa su ke ɗaukar mafi yawan aikin, su kuma ke fara ƙarewa. Kada wani ya ruɗe ka da cewa fad yana yin kilomita kaza. Wanda ke fama da cunkoson Kano kullum, taka-saki taka-saki, ba zai yi daidai da wanda ke bin doguwar hanya ba. Ido shi ne alƙali.

Masu ƙera mota sun san halinmu na ƙin dubawa, saboda haka suka sa wa fad da yawa wani ɗan harshen ƙarfe. Da naman ya kusa ƙarewa sai harshen ya fara taɓa faifai, ya riƙa wani siririn kuka mai shiga haƙori. Da gangan aka yi shi, ƙararrawa ce. Me mutuminmu ke yi in ya ji? Ya ƙara muryar rediyo. In ka yi magana ya ce ƙura ce. I, gaskiya ne, ƙurar hunturu ko tsatsar da faifai ke kwana da ita bayan ruwan sama takan sa birki ya yi ɗan kuka da safe, amma wannan da an taka sau uku ko huɗu ya wuce. Kukan da ya kwana, ya wuni, ya shiga mako, ba ƙura ba ce. In kuwa aka bar shi har ya rikiɗe ya zama gurnani, kamar ana niƙa tsakuwa a kan dutse, to nama ya ƙare, ƙarfe ke cin ƙarfe. Daga nan motar ba ta cancanci zuwa ko'ina ba sai gareji, shi ma a hankali.

Abin dariya, in da abin na dariya ne, mai yin haka tsimi yake ganin yana yi. Fad yana cikin mafi araha a kayan birki. Wanda ya ƙi sayensa a kan kari zai saye shi daga baya, ya haɗa da faifan da ya kwarzane, watakila har da awartakin da fistin ɗinsa ya fito ya lalace. Wani kuma ya yarda zai canja, amma ƙafa ɗaya kawai, wai ita ce ke kuka. Ba a yin haka. Hagu da dama tare ake canja su, in ba haka ba ɗaya ta fi ɗaya kamu, motar ta riƙa fizga gefe ranar da aka taka da ƙarfi. Sa'an nan ga zancen kaya. Ka shiga kowace kasuwar kayan gyara, Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Fanteka a Kaduna, mai shago na kirki zai ajiye maka iri biyu ko uku, ya gaya maka gaskiyar kowanne. Hannun ɗan boko, wanda bai yi ciniki ba ranar da ya sayi wayar hannu, sai ya zarce kan mafi araha. Araha dai ba ta ado. Fad maras kyau yakan yi kamu da sanyin safiya, in ya ɗau zafi ya yi santsi, wani ma naman ya ɓamɓare daga ƙarfensa ɗungurungum.

Kunne ke nan da ido. Saura ƙafa, wadda ta fi su duka sanin gaskiya, domin kullum tana kan abin. Lafiyayyen birki yana kamawa tun daga sama, da tauri, a wuri ɗaya kowace rana. In ka taka ka ji laushi kamar ka taka katifa, iska ta shiga bututu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafarka har taya; iska kuwa matsuwa take yi, ta shanye ƙarfin a hanya. Maganinta a fitar da ita, a kuma binciko ta inda ta shiga. Wa bai taɓa zama a gaban mota ya ga direba yana famfo da ƙafa sau biyu sau uku kafin motar ta yarda ta tsaya ba? Har yana alfahari wai ya san hannun motarsa. Ranar da yaro zai gilma a guje, wa zai ba shi lokacin famfo na biyu? Akwai kuma gwajin da kowa zai iya yi a ƙofar gidansa. Ka ta da inji, ka taka birki ka riƙe da ƙarfi kamar rabin minti. In mataki ya tsaya inda yake, madalla. In ya riƙa sulalewa ƙasa a hankali, to ko mai yana yoyo a wani wuri, ko robobin cikin masta sun gaji. Wannan motar ba ta tafiya Zariya, ba ta ma zuwa kasuwa.

Man birki kuwa shi ne marayan mota, ba mai tunawa da shi. Kowa ya san ranar juyen baƙin mai, amma ka tambayi mutum goma yaushe suka canja man birki, da wuya ka sami wanda ya san ana canja shi. Robarsa tana nan ƙarƙashin bonet, da layi biyu, na sama da na ƙasa. Yayin da fad ke cinyewa, man yana sauka sannu a hankali, domin yana bin fistin ya cike gurbin da aka bari. Saukar nan saƙo ce. Wanda ya ɗauko gwangwani ya cika ba tare da ya duba fad ba, ya yaga wasiƙa ne bai karanta ba. In kuwa man yana sauka da sauri, yau ka cika jibi ya koma, yoyo ne, sai a bi bayan kowace taya a nemi danshi. Birki ba ya shan mai yadda inji ke yi. In ya ragu, akwai inda ya tafi. Ban da wannan, man birki yana da wani hali, yana zuƙar danshi daga iska. Irin wanda aka rubuta DOT 3 a gwangwaninsa, yana sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 140. DOT 4 kuma daga 230 ya sauko wajen 155. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a juye shi duk shekara biyu. Ranar da tsohon mai ya tafasa a cikin bututu ya zama tururi, mataki zai tafi har ƙasa babu ko gezau. Bayan rabin awa kuma, ya huce, birki ya dawo kamar ba abin da ya faru, jama'a su taru suna cewa abin ba na lafiya ba ne, da hannu a ciki. Haba jama'a! Ban ma so in ambaci masu ɗura ruwan sabulu ko baƙin mai in man ya yanke musu a hanya ba. Na farko tsatsa da tafasa, na biyu ya kumbura robobin gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa saukowa daga Jos ta Hawan Kibo ya san warin nan na ƙauri da ke tashi daga tayoyi. Warin fad ne yana ƙonewa, domin direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama bai ɗaga ba. Fad in ya yi zafi fiye da kima kamunsa raguwa yake yi, ko da sabo ne, balle wanda ya siranta ba shi da naman da zai tare zafi ya hana shi isa ga mai. Abin da aka koya wa kowane ɗan koyo shi ne a sauka gangare da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Amma tsadar fetur ta haifar mana da gwanaye masu sa mota a firi, wasu har su kashe inji. Ga abin da ba su sani ba, ko suka sani suka take. A bayan masta akwai wata baƙar tukunya da ke ninka ƙarfin ƙafa, kuma da zuƙar inji take aiki. In inji ya mutu, taku biyu ko uku ne suka rage a cikinta, daga nan mataki ya zama dutse. Mai son ya tabbatar, ya kashe inji a gida, ya taka birki sau biyar har ya yi tauri, ya riƙe, sa'an nan ya ta da mota. Zai ji matakin ya ɗan sauka. In bai sauka ba, tukunyar ko tiyonta na da matsala. Fetur na nawa ake tsimi a gangare ɗaya, da har za a jinginar da ran mutum goma sha takwas a kansa?

Wani zai ce, to ai akwai ranar da tiyo ke fashewa farat ɗaya. Akwai. Amma tiyon roba ba ya fashewa sai ya tsufa ya tsattsage, ko ya yi ƙululu, ko ya daɗe yana gugar wani ƙarfe, duk kuwa abubuwa ne da ido ke gani in an kwance taya. Bayan haka, tun wajen ƙarshen shekarun 1960 aka koma ƙera ƙananan motoci da layin birki biyu masu zaman kansu, don in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota, ko da da ƙyar. To yaya ake yi duka biyu su tafi lokaci guda? Sau da yawa amsar ita ce ɗayan ya daɗe da mutuwa. Ƙafa ɗaya ta fara yoyo, aka je gareji, maimakon gyara sai aka naɗe bututun aka daddatse shi, ko aka cusa ƙusa aka toshe, aka ce a je a dawo. Ba a dawo ba. Mota ta yi wata shida tana yawo da birkin ƙafa uku ko biyu, jar fitilar gargaɗi tana ci a gaban direba har ya gaji da ganinta ya manna mata takarda. Bakaniken da ya yi wannan aiki ya yi laifi, amma wa ya ce masa ba kuɗi, a yi dabara?

Sauran alamun ba sa bukatar dogon bayani. Mota ta riƙa ja gefe guda in an taka, ko wili ɗaya ya fi sauran zafi bayan 'yar tafiya, awartaki ne ya cije. Sitiyari ko mataki ya riƙa karkarwa in an taka a guje, faifai ne ya ci ba daidai ba. Sai dai a bambanta wannan da bugun da motoci masu ABS ke yi a ƙafa in an taka da ƙarfi a kan yashi ko ruwa, wannan aikinsa yake yi, kada a ɗaga ƙafa. Hambirki kuma in sai an ja shi har ƙarshe kafin ya riƙe, a duba na baya.

Bari mu koma ga lissafi, tun da da masu ilmi nake magana. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta isa mataki, daƙiƙa ɗaya ta wuce ko fiye. Daga nan, da lafiyayyen birki da tayoyi masu kyau a busasshiyar kwalta, tana bukatar kamar mita 55 kafin ta tsaya. In birkin ya rasa rabin ƙarfinsa, mita 110 ke nan, tsawon filin ƙwallo. Kuma in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa. Tsakanin mita 55 da mita 110 akwai mai tallar gyaɗa, akwai ɗan acaɓa da goyonsa, akwai bayan tirelar da ta lalace ba alama. Raunin birki ba ya nuna kansa a tafiyar yau da kullum, inda ake rage gudu tun daga nesa. Rana ɗaya tak ake neman ƙarfinsa duka, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Na san amsar da ake tanadar mini: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ba, ban kuma isa in musa ba. Amma ban taɓa jin malamin da ya karantar da cewa sakaci tawakkali ne ba. Mai faɗin wannan magana yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana kai ɗansa asibiti in ya yi zazzaɓi, yana ƙirga canjinsa kafin ya bar gidan mai. A nan duk bai bar wa ƙaddara ba, sai a kan abin da zai ci masa 'yan kuɗi don kare ran wasu. Wanda ya ji kukan birkinsa mako uku, ya ɗebi 'ya'yan mutane ya hau hanya, ya daina fakewa da ƙaddara, ya kira abin da ya yi da sunansa.

Hukuma fa? Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ne ya fara shugabantarta, ga kuma masu duba lafiyar motoci a jihohi, ga takardar shaidar lafiyar mota da doka ta wajabta. Takarda dai ba ta tsayar da mota. Duk shaidar da aka bayar ba tare da an kwance taya ko an gwada tsayuwar motar ba, rasit ce kawai ta kuɗin shiga, ya kamata a daina kiranta da wani suna. Shugabannin tasha kuma, da suke iya hana mota lodi saboda ba ta biya kuɗin layi ba, ba su da hujjar cewa ba za su iya hana ta saboda birki ba.

Mu ɗalibai mu ne kayan da ake lodawa duk ƙarshen zango. Mu kan shiga, mu ji gurnanin ƙarfe tun kafin a fita daga tasha, mu ga direba yana famfo a shataletalen farko, mu dubi juna mu yi shiru, kowa yana jin nauyin a ce shi ne matsoraci. Mu da muke iya rufe ƙofar jami'a saboda an yanke ruwa kwana biyu! Mutum ɗaya in ya yi magana za a ce ya cika iyayi, amma in mutum shida suka ce a tsaya za su sauka a mayar musu da kuɗinsu, kamasho zai saurara. Ina kuma kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, duk motar da za ta ɗauko haya don kai mu gida ko wani taro, a sa sharaɗi tun wajen ciniki: kwana ɗaya kafin tafiya a kawo ta, a kwance tayoyin gaba a gaban wakilanmu, a auna fad, a duba mai da tiyo, a taka a riƙe rabin minti. Muna da 'yan sashen injiniya da ke neman inda za su gwada abin da suka karanta, a ba su ruwla da fitila. Motar da ta gaza milimita 3, mai ita ya canja a ranar, ko a nemi wata.